Sunan da Ke Buɗe Wayata

An sace rago a kasuwa, sai Sufeto Ɗanjuma ya ƙwace wayoyinmu don bincike. Tawa kuwa cike take da sirrin matan da nake wa ungozomanci.

"Iya Tabawa, faɗi kalmar da ke buɗe ta."

"Sunan ɗan farina ne. Ko marigayi maigidana bai taɓa jin sa a bakina ba."

"To faɗi rabinsa."

"Albarka."

"Mai gaskiya ba ya ɓoye komai, Iya."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Kira sunan surukarka da ƙarfi yaranka su ji, sai in kira nawa."

"Wannan ai ba ya faɗuwa."

"To masu ɓoyo mun zama biyu. Wa za a fara kullewa?"

Ya miƙo min wayata da hannu biyu.