Rabin Makin Tanimu

An ce a wata gasar ches, darar nan ta Turawa, inda kowace ƙungiya ta kawo 'yan wasa huɗu, Tanimu gwanin ƙungiyar Rimaye ya kara da Barau, gwanin abokan hamayya. Awa huɗu ana fafatawa, sai Barau ya nemi a tashi kunnen doki. Tanimu ya dubi kyaftin ɗinsu Malam Ilu, kamar yadda doka ta yarda, tsohon ya gyaɗa kai. Aka raba maki, rabin nan kuwa ya ishi Rimaye ta ɗauki kofi. Gogan naka kuwa ya koma gefe yana cika yana batsewa, wai saura ƙiris ya kayar da Barau aka hana shi, don haka shi da ƙungiyar har abada.

Malam Ilu ya zauna kusa da shi ya ce, "Ɗana, ka taɓa jin labarin Gambo manomi?" Tanimu ya ce a'a.

Malam Ilu ya ce, "Gambo na da bijimai biyu a garma, ƙaƙƙarfa da rarrauna. Kullum kunyoyi a karkace, don ƙaƙƙarfan na son ya riga ɗan'uwansa kai ƙarshen gona. Gambo ya ƙudura sayar da rarraunan, sai matarsa Kande ta ce, 'Maigida, tsaya ka ji labarin yayata.

"'Muna yara, ni da Yaya Delu muka rataya garwar ruwa a sanda muka ɗauko daga rafi. Ta fi ni sauri nesa ba kusa ba, amma ta riƙa takawa daidai da ƙafata. Na tambaye ta ko ta gaji. Ta ce a'a, so take Inna ta ga ruwan da na ɗebo ya iso gida. Ƙaƙƙarfan za ka koya wa tafiya, maigida.' Gambo ya bi shawararta, kunyoyi suka miƙe."

Sai Malam Ilu ya nuna masa Lantana, 'yar ƙungiyarsu mai buga wasa a tebur na huɗu, tana waya da mahaifinta tana share hawaye. Shekara uku tana zuwa gasa, sai yau ta fara ci. Ya ce, "Da ka matsa ka faɗi, da ruwanta ya zube a hanya."

Jikin Tanimu ya yi sanyi, tausayi ya kama shi. Ya ce, "Na ji, Malam." Ya je ya roƙi Lantana ta nuna masa yadda ta yi. Ta shiga jera 'ya'yan ches da murna, shi kuwa ya zauna a kujerar wanda ta kayar.