Wa Ya Buɗe Imel ɗin Ciyaman?

Wata safiya aka wayi gari jerin sunayen waɗanda Ciyaman Gambo zai ba aiki yana yawo a wayoyin jama'a, kuma duk surukansa ne. Daga imel ɗinsa aka kwaso. Ya aika aka kira Tasalla, mai shagon kwamfuta a bakin sakatariya, domin ita ta buɗe masa akwatin.

Ya ce, "Ke kika haɗa abin nan. Ki fito min da ɓarawon kafin azahar, ko in sa a garƙame shagonki."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ya san kalmar sirrin bayan kai?"

"Daga ni sai Allah!"

"To shi ke nan, abin ya zo da sauƙi. A tara min duk ma'aikatan ofishin nan."

Aka tara su, mutum goma. Tasalla ta zauna gaban kwamfuta ta yi ta latse-latse, sannan ta dafe kai.

"Kash! Ban da kalmar sirrin ba zan iya shiga ba. Mece ce ma?"

Kafin Ciyaman ya buɗe baki, sakatare da masinja da mai shara da sauran ma'aikatan duka suka amsa baki ɗaya: "Gwarzon Talakawa!" Direba ma ya leƙo ta taga ya ƙara da cewa, "Da babban baƙi ake farawa."

Tasalla ta gyara mayafinta ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ɓarawo ɗaya ka nema, ga goma sha ɗaya. Sai ka zaɓa, ni kwastomomi na jirana."