Fitilar da ke Mutuwa a Kan Gargada

Akwai wani manomi mai lambun tumatir a bakin rafi, yana da 'yar ƙaramar tarakta. Idan tumatir ya nuna, yakan ɗauki kwandunansa da na matan maƙwabta tun da asuba ya kai bakin titi, matan kuma suna zaune a baya. Hanyar kuwa ta kan wata siririyar gada take bi.

Sai fitilar taraktar ta soma wani hali. A tsakar gida tana haske tas. Da an hau gargada sai ta yi ƙifi-ƙifi ta mutu, fis ya ƙone. Fis ɗin nan, 'ya'yana, ɗan abu ne da ke ƙonewa domin kada wuta ta ci sauran wayoyi. Wata asuba fitilar ta mutu a tsakiyar gadar, ƙafar taraktar ɗaya ta leƙa ruwa, mata suna ta kiran sunan Yesu.

Manomin ya kai taraktar wurin bakanike. A filin gareji fitila ta kama lafiya lau, aka ce ba abin da ya same ta. Maƙwabcinsa ya ce, "Ɗan'uwa, ka cire fis ɗin ka ɗaura waya mai kauri, ka huta."

Manomin ya ce, "A'a. Abin nan ƙara yake kawo mini. Ba zan toshe masa baki ba, ga matan mutane a bayana."

Ya ja tarakta ƙarƙashin rumfa, ya sa sabon fis, ya kunna, ya tsayar da matarsa a gaba. "Maman Iliya, ki zuba wa fitilar nan ido. In ta ƙifta ki faɗa."

Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, daga batir har ƙwan fitila, yana girgiza kowace. Shiru. Ya sake bi. Rana ta take, gumi ya jiƙa masa riga, bai yi tsaki ba. Da ya gaji sai ya faɗa kan kujerar taraktar da dukan nauyinsa.

"Ta mutu!" in ji matar. Ta dube shi ta kwashe da dariya. "Maigida, ashe kai ne ciwon. Sauko ka duba inda kake zama."

Shi ma ya yi dariya, ya ɗaga kujera. Ga wata waya ta goge, robarta ta cinye. In ya zauna aka yi tsalle, sai ta taɓa ƙarfe. Ya naɗe ta, ya canza mata hanya. Washegari suka haye gada da haske.

To, ku kasa kunne ga ma'anar misalin. Ranar Lahadi a coci dukanmu muna haske, ai fili ne a baje. Amma bari a taka ki a layin famfo, ko ƙaninka ya ɓarar maka da kunu, nan ake ganin wayar da ta goge. Fis kuwa lamirinka ne da Allah ya ba ka. In ya dame ka, kada ka kashe shi.

Ina son mutumin nan ƙwarai. Ya yi haƙurin nema, kuma da aka ce masa shi ne, bai yi fushi ba. Ku ma akwai waɗanda ke zaune a bayanku, ƙannenku suna bin haskenku. Kafin ka ce laifin hanya ne, ɗana, tashi ka ɗaga kujerarka.