Ƙugin da Ya Danne Muryar Inna Tasalla

"Ba don kunnena ba, da tuni kun wanke muryar Inna da fetur!"

"Yaya Lantana, kunne kawai kika kawo. Wa ya yi rarrafe a bayan kujeru har gwiwar wandonsa ta yage?"

"Kai ka yi, Yaya Haladu," in ji auta Ramlatu, tana ɗaga filaya sama, "kuma da wannan na kama ka."

Malam Ɗanladi na zaune a tsakiyarsu, ya rungume kaset ɗin bidiyo a ƙirji, yana bin bakin 'ya'yansa uku da ido, don yanzu da ido yake jin rabin magana. Ga yadda aka yi har aka zo nan.

Malam Ɗanladi tsohon maɗinkin hula ne a Malumfashi. Shekara tara da rasuwar matarsa, Inna Tasalla, kuma duk duniya wuri ɗaya muryarta ta rage: kaset ɗin da aka ɗauka ranar sunan jikansu na fari, wanda ita da kanta ta naɗe a tsohon kallabinta. Bai taɓa iya kunna shi ba, zuciya ta hana. Sai da likita ya ce masa kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana haɗa kaya, sannan ya aika aka kira yaran.

Aka kakkaɓe tsohuwar bidiyo, aka jona da talabijin. Hoto ya fito tas, ga Inna tana kai da kawo da faranti, amma lasifikar talabijin ta yi wa kunnen Malam kaɗan. Aka ɗauko amfilifaya, na'urar ƙara sauti mai jikin ƙarfe, da manyan lasifikoki biyu, aka haɗa. Ana kunnawa falon ya ɗauki wani ƙugi, buuuuu, kamar an kulle sa a cikin tanki. In an ƙara murya, ƙugin ya ƙaru. In an rage, Malam ba ya ji. Bakin Inna na motsi, ƙugi na amsawa.

Malam ya ce, "Duk wanda ya sa na ji muryar uwarku kafin kunnen nan ya rufe, shi zai riƙe kaset ɗin bayana."

Lantana, babbarsu, tela ce mai kekunan lantarki huɗu a shago, wadda daga bakin titi take gane keken da ke neman mai. Ta iso ta tarar an gama yanke hukunci. Wani mai gyaran rediyo ya ce kaset ya yi fumfuna, ya baje auduga da kwalbar fetur a kan tabarma, yana cewa, "Ranka ya daɗe, minti biyar, zai dawo sabo fil." Lantana ta karkata kai ta saurara. Ta tsayar da bidiyo, ƙugi bai tsaya ba. Ta zaro kaset ɗin gaba ɗaya ta ɗaga shi sama, ƙugi na nan daram. Ta ce wannan kukan ta san shi, shi firji ke yi, shi taransifoma ke yi; kukan wuta ne, ba ruwan kaset. Ta mayar da shi cikin kallabi, ta raka mai gyara har ƙofa da kwalbarsa. Da ta makara da minti biyar ɗin nan, da babu muryar da za a nema.

Haladu, na tsakiya, direban tirela ne, mutumin da ke iya yini a ƙarƙashin mota yana bin waya ɗaya. Ya cire hula ya durƙusa. Ya zare wannan ya saurara, ya mayar. Ya zare wancan ya saurara, ya mayar. Daga hantsi har la'asar, bai ci komai ba. Ya gano amfilifaya ita kaɗai shiru take, talabijin da bidiyo su kaɗai shiru suke, sai an haɗa su da waya ƙugi ke tashi. Ya bi wayar wutar amfilifaya da rarrafe, ta bayan kujera, ta taga, har shagon gaban gida, domin soket ɗin falo baki biyu gare shi, ya cika, aka jawo mata wuta daga can. Ya gwada fulogi mai ƙafa biyu a maimakon mai uku, sai ƙugi ya ɗauke ɗif. Ya yi kabbara. Ba don haƙurinsa ba, da har yau ana zargin lasifika.

Ramlatu, auta, mai haɗa wa mutane wutar sola, ta sauka daga mota ta tarar da yayanta ya damƙi ƙafar fulogi ta uku da filaya zai karya ta har abada, ga kuma Baba ya kafa kunne a lasifika, tafin hannunsa a kan ƙarfen amfilifaya, ƙafa ba takalmi a kan siminti. Ta fizge filayar. Ta ce wannan ƙafar ita ce hanyar da wuta ke bi ta shige ƙasa in wani abu ya lalace a ciki. In aka karya ta, hanyar da ta rage ita ce jikin Baba. Ta ce matsalar ita ce shago da falo kowanne da nasa ƙarfen da aka binne a ƙasa, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa tsakaninsu ta cikin wayar sauti, shi ne ƙugin. Ta zaro doguwar soket mai baki shida daga jakarta, ta tattara komai a bango ɗaya, kowane fulogi da ƙafafunsa uku. Da ta buɗe amfilifayar daga baya, ta nuna musu waya guda da ɓera ya fere, saura ƙiris ta taɓa ƙarfe.

Aka kunna. Shiru, tsit, sai guɗar mata daga nesa. Can sai ga ta, tar kamar tana tsakar gida: "Malam, gyara hular nan, ta karkace. Maɗinkin hula guda!"

Malam Ɗanladi ya kai hannu ya gyara hularsa. Babu wanda ya iya kallon wani.

A ranar Ramlatu ta kwafe muryar ta tura wa kowa a waya, amma kaset mai ƙanshin kallabin Inna guda ɗaya ne, kuma alkawari na nan. Shi ne fa aka tashi da rigima. Lantana ta ce ita ta ceci murya, Haladu ya ce shi ya kamo ɓarawo, Ramlatu ta ce ita ta bar musu mai kunnen da rai. Da suka gaji suka juyo gaba ɗaya: "Baba, kai ka raba mu."

Tsohon ya dube su ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana da wani abu na fuskar uwarsa. Ya ce, "Ku bari in tambayi mai abin." Ya tura kaset, ya danna.

A cikin talabijin Inna Tasalla ta juyo da ludayi a hannu ta ce, "Kai, ku ba ni wuri, tuwona zai kama!"



To, jama'a, tunda ita ta ƙi shiga, sai ku: mai kunne, mai haƙuri, ko mai sani, wa za a miƙa wa kallabin?