Yadda Wayar Lantana Ta Koyi Dunƙule Saƙo

Dalilin da ya sa waya take dunƙule saƙo kafin ta aika kuke tambaya? To ku matso. Kai Barmo, bar tsokanar ƙanwarka ka saurara.

Da can ba haka take ba. Waya mai ladabi ce, har ladabin ya yi mata yawa. In aka cike fom a shafin intanet, sai ta kai wa Rumbu, wato babbar kwamfutar birni mai ajiye bayanai, ta karanto masa komai tiryan-tiryan.

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti a Tudun Ƙanya, sunanta Lantana. Wata shekara ƙyanda ta ɓulla a ƙauyen gaba. Motar rigakafi za ta bar birni da azahar, kuma garin da sunayen yaransa suka isa kaɗai za ta je. Lantana ta shigar da yara sittin, ta sa 'yarta Kande a ƙarshe don kada a ce ta yi son kai. Ta hau tudun da ake samun sabis, ta danna.

Waya ta fara: "Barka da aiki, ranka ya daɗe. Suna, Tanimu. Gari, Tudun Ƙanya. Allura, ta ƙyanda. Barka da aiki, ranka ya daɗe. Suna, Uwani. Gari..."

A yaro na arba'in sabis ya ɗauke. Rumbu ya ce, "Ni ba na karɓar rabin saƙo. A sake."

Sau uku fa ana haka! Rana ta take tsaka, kuma ko sau ɗaya ba a kai ga sunan Kande ba.

Ta dubi Waya ta ce, "Ke wai me ya sa kike maimaita sunan gari sau sittin? Garin tashi ya yi?"

"Haka aka koya mini, Malama. Kowane yaro da gaisuwarsa da sunan garinsa."

"To in kika faɗa sau ɗaya, sauran wuraren kika ɗiga alama fa? Kamar zogale: a busar ya koma tafin hannu, a jiƙa ya cika kwano."

Abin ya ba Waya sha'awa, ta tambayi Rumbu. Ya ce, "Na yarda, jiƙawar tawa ce. Amma ki rubuta a goshin saƙon cewa dunƙulalle ne, kar in zaci shirme kika kawo."

Waya ta ce, "Malama, sunayen ma in rage?"

"Kul! Kowane yaro da nasa."

Kafin Lantana ta gyara mayafinta saƙo ya isa. Da la'asar sai ga mota. Mai allura yana ta kiran suna, da ya zo na sittin ya ce, "Kande!" Lantana ta zauna daɓas a ƙasa tana kukan murna.

Shi ya sa har yau waya take aika saƙo a dunƙule, Rumbu ya warware. Gaisuwa sau ɗaya take yi, amma ba ta taɓa yar da sunan kowa a hanya ba.