Allin Baba Ɗanjuma

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a Abujar nan, Injiniya Nazir, wanda ba shi da abin sha'awa ranar Asabar sai farke tsofaffin talabijin masu doro. Ƙaramar taransifomar cikinsu yake cirewa, ya haɗa na'ura mai feshin tartsatsi, ya ɗauki bidiyo a yaba masa. Hannunsa na dama gwani ne, shi ma ya san haka. Nan matsalar take.

Wata Asabar ya je Bwari, rumfar Baba Ɗanjuma, tsohon mai gyaran talabijin, don ya sayi wadda zai farke.

Irin wannan talabijin tana riƙe wuta a kwalbarta, wato babban gilashin da ke nuna hoto, ko an zare ta daga soket. Shi ya sa Baba yake zura sukudireba mai waya a ƙarƙashin robar kwalbar, ya sauke wutar, sannan ya ja wa akwatin layi da alli.

"Ranka ya daɗe, ɗauki mai alli," in ji Baba. "Waɗancan biyun yau na gwada su, ban sauke musu wuta ba."

Nazir ya dubi hannun tsohon. Yatsu biyu a lanƙwashe, tsohon rauni.

"Baba, kai da ka kasa tsare yatsunka, kai za ka koya min lantarki? Wace jami'a ka yi?"

Masu shagunan kusa suka yi dariya. Dariyar ta yi masa daɗi, sai ya zaro hankici ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya yana goge allin.

"Na warware maka tsafin. Aikin kanikancin ƙauye."

"Oga, yanzu ni kaina ban san wacce ce wacce ba."

"Ni na sani."

Bai sani ba. Ya jawo ɗaya, ya kwance bayanta, ya cusa yatsu ƙarƙashin robar yana murmushi.

Wutar ta fizge shi. Hannun ya daki wuyan kwalbar, gilashi ya tarwatse, ya yanke masa jijiyoyin tsintsiyar hannu.

Waɗanda suka taya shi dariya suka ja baya, kada jini ya ɓata musu kaya. Tsohon ne ya ɗaure hannun da rigarsa, da yatsun nan da aka zaga, ya tare masa mota.

An ɗinke shi a asibiti, amma yatsu uku ba su ƙara motsi ba. Yau ko biro da hagu yake riƙewa.

Baba kuwa ya wuni yana sauke wutar akwatunan, yana mayar musu da alli. Da ya zo kan fasasshiyar, ya ja mata layi kai tsaye.

"Baba, ba ka sa mata sukudireba ba," in ji maƙwabcinsa.

"Wannan kam, Injiniya ya sauke mata."

Darasi: In ka ga tabo a hannun mai sana'a, rufe bakinka ka saurara, karatunsa ne a rubuce a wurin. Digiri ba ya hana wuta kamawa. Ku tura wa duk mai ilimin da ya raina na ƙasa da shi, tun yana da yatsun da zai buɗe saƙon.