Hitar Dagaci da Rabin Bokiti

Wai wani dagaci ne ya gaji da jiran ruwan wanka, ya sa aka kira Jatau mai gyaran wuta.

"Ina so hitar nan ta tafasa ruwa a rabin lokacin da ta saba."

"Ranka ya daɗe, a ma'aunin lantarki, ƙarfin hita bolt ne sau amfiya. Sai an ƙara ɗaya daga cikinsu."

"Kada ka ƙara bolt ka ƙona mini talabijin. Kada ka ƙara amfiya janareta ya mutu. In ka kasa, ka tashi daga rumfarka ta kasuwa."

Jatau ya ce, "An gama." Ya zubar da rabin ruwan da ke bokitin wanka, ya tsoma hita. Kafin dagaci ya cinye goronsa, ruwa ya tafasa.

Dagaci ya leƙa. "Ina sauran ruwan?"

"Bolt kuka hana, amfiya kuka hana. Ban ji an ambaci ruwa ba."

"Duk girmana, ɗan wannan zai ishe ni?"

"Ranka ya daɗe, yau a wanke daga cibiya zuwa sama, ƙasa ta jira gobe."

Dagaci ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce, "Koma rumfarka, kafin ka raba ni gida huɗu."